Yadda Ake Lissafin Haɗarin Shigowar Annoba Kaduna Ta Hanyar Matafiya

Tun ranar 14 ga Agusta, 2024, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙyandar biri da ta ɓarke a Kwango a matsayin larurar gaggawa ta ƙasa da ƙasa, jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumominmu da ɗaliban lafiyar al'umma suke ta yi mini tambaya guda: idan annoba ta tashi a wata ƙasa, ta yaya mutumin da ke zaune a Kaduna zai auna yiwuwar ta iso mana ta hannun matafiya? Da yawa suna zaton sai mai babbar kwamfuta da digirin lissafi. Lissafin kansa bai fi ƙarfin wanda ya iya ninkawa da rabawa ba. Wahalar tana wajen samo alƙaluman da za a zuba a ciki, musamman adadin matafiya, kuma a nan ne na ga aikin mutane da yawa ya lalace, har da nawa na farko.

Abin da za ku tanada

Kuna buƙatar kwamfuta mai Excel, ko LibreOffice Calc wanda kyauta ne, da littafin rubutu, da data, da wasiƙar gabatarwa daga ofishinku domin shiga tasha da filin jirgi. Manhajar R kyauta ce kuma tana da amfani a mataki na 8, amma ba dole ba ce. Cikakkun bayanan fasinjojin jiragen sama da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya (IATA) da kamfanin bayanan jirage na OAG ke tattarawa da dala ake sayar da su, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ofishin ƙaramar hukuma, don haka na tsara matakan nan ba tare da su ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne data da man janareto da kuɗin mota zuwa tashoshi. Ku ware mako guda, wanda kwana huɗu daga ciki ƙirgar matafiya ce za ta cinye su.

1. Ku tsayar da tambayar a jimla ɗaya

Ku rubuta a saman shafi: wace cuta, daga wane gari, zuwa ina, cikin makonni nawa. Misali: mene ne yiwuwar aƙalla mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya iso Jihar Kaduna daga birni kaza cikin makonni huɗu masu zuwa? Shigowar cuta daban, bazuwarta bayan ta shigo daban, kuma kowanne da lissafinsa. A ranar 20 ga Yuli, 2014, mutum ɗaya ne, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da Ebola daga Monrovia, amma daga shi aka samu mutum 20 da suka kamu har da shi kansa, 8 suka rasu, kafin a ayyana Nijeriya ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba.

Gargaɗi: kada ku ɗauki ƙasa baki ɗaya a matsayin tushe idan annobar a lardi guda take. Ku yi amfani da yawan mutanen yankin da filin jirginsa ko tasharsa ke ɗauka.

2. Ku ƙiyasta masu cutar da har yanzu za su iya tafiya

Wanda ke kwance a asibiti ba ya hawa jirgi. Mutumin da muke nema shi ne wanda ƙwayar cuta ta shiga jikinsa amma alamu ba su bayyana ba, ko sun bayyana ba su kai ga kayar da shi ba. Abu uku ake haɗawa. Na farko, sababbin kamuwa a kowace rana, daga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, ko na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Afirka (Africa CDC), ko na ma'aikatar lafiyar ƙasar. Na biyu, gyaran waɗanda ba a gano ba, domin babu annobar da ake kama kowane mai ita. Na uku, kwanakin da mutum ke iya tafiya da cutar, wato kwanakin kwanciyarta a jiki haɗe da kwana ɗaya ko biyu na farkon zazzaɓi. Ebola kan kwanta kwana 2 zuwa 21, MERS, cutar numfashi ta Gabas ta Tsakiya, kwana 2 zuwa 14, zazzaɓin shawara kwana 3 zuwa 6, korona ta farko kuwa kusan kwana 5 a tsaka-tsaki.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe, kuma alƙalumansa na koyarwa ne kawai, ba na wata annoba ta gaske ba. A ce birnin yana da mutum miliyan 4, ana samun rahoton sababbin kamuwa 40 a rana, kuma muna zaton ɗaya cikin huɗu ake ganowa. Ainihin kamuwa 160 ke nan a rana. Idan kwanakin iya tafiya 6 ne, to a kowane lokaci akwai mutum 960 da ke yawo da cutar da ƙafarsu. Ku raba 960 da miliyan 4, za ku samu 0.00024. Wannan ita ce yiwuwar duk mutumin da aka tsinta a birnin yana ɗauke da ita.

Gargaɗi: kada ku yi amfani da jimillar waɗanda suka kamu tun farkon annoba, domin yawancinsu sun warke ko sun rasu. Wannan kuskuren kaɗai yakan kumbura sakamako ninki goma ko fiye.

Idan kuna shakkar rahoton ƙasar, akwai hanyar bincikawa ta baya. A Janairun 2020 masu bincike na Imperial College da ke Landan sun ga an gano mutum 3 da suka fito Wuhan da cutar, biyu a Tailan ɗaya a Japan. Suka ɗauki mutum miliyan 19 da filin jirgin Wuhan ke ɗauka, da fasinja 3,301 masu fita ƙasashen waje kullum, da kwana 10 kafin a gano mai cuta, suka ƙiyasta cewa masu ita a Wuhan sun kai 1,723, a lokacin da rahoton hukuma bai wuce 'yan gomomi ba. Duk sanda kuka ga ƙasashen waje suna ta kama matafiya daga wani gari alhali rahoton garin ƙarami ne, ku ƙara ninkin gyaranku.

3. Ku ƙirga matafiya ta duk hanyar da suke shigowa

Nan ne aikin yake. Wanda ya buɗe jadawalin jiragen ƙasa da ƙasa ya nemi Kaduna, kusan babu abin da zai gani in ban da jigilar alhazai, sai ya rubuta cewa haɗarinmu sifili ne. Haka na yi a karon farko, na miƙa rahoton da ya sa Kaduna a ƙasan jeri, kuma da an yi aiki da shi da ba a ware ko gado ɗaya na killacewa ba. Mutanenmu suna sauka ne a Abuja ko Kano ko Legas, sannan su ƙaraso ta mota, ko ta jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Jihar kuma ba ta da iyaka da wata ƙasa, amma duk wanda ya san tashoshin mota na Kawo da Mando ya san motocin Katsina da Sakkwato da Daura cike suke da mutanen da suka tsallako ta Jibiya da Illela da Kongolam. Saboda haka ku buɗe layi uku a jadawalinku.

Layin farko, jiragen sama. Ku duba jadawalin sauka na Abuja da Kano da Legas a shafi irin Flightradar24, ku ƙirga jiragen da ke zuwa daga garin annobar a mako, ku ninka da kujerun irin jirgin, sannan ku rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu domin jirgi ba ya cika kullum. Alƙaluman da hukumar filayen jiragen sama ta ƙasa (FAAN) da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa za su nuna muku ko ƙiyasinku ya kauce da yawa. Daga nan sai tambaya mafi wuya: nawa ne daga cikinsu Kaduna suka nufa? Hanya mafi inganci ita ce ku nemi jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa su ƙirga muku, daga takardun da matafiya ke cikewa, nawa ne suka rubuta adireshin Kaduna, ba tare da an ba ku sunan kowa ba. Idan hakan bai samu ba, ku raba bisa yawan jama'ar jihohin da filin jirgin ke yi wa hidima, ku kuma rubuta a fili cewa zato ne.

Gargaɗi: kada ku tsaya kan jirgin kai tsaye. Sawyer ta Lome ya biyo, Ba'italiyen da aka tabbatar yana da korona ranar 27 ga Fabrairu, 2020 kuma ta Istanbul ya biyo daga Milan. Ku duba masu sauya jirgi a Adis Ababa da Alƙahira da Doha da Istanbul da Lome.

Layi na biyu, hanyar mota. Wannan ba ya cikin wani shafin intanet, sai an je da ƙafa. Ku fara da ofishin ƙungiyar direbobi, ku gaida ciyaman, ku nuna wasiƙarku, ku bayyana masa cewa ba haraji ko binciken takardu ya kawo ku ba. Takardar sunayen fasinjoji da ake cikewa kafin mota ta tashi tana nuna inda motar ta taso ne kawai, ba inda mutum ya fito ba. Wani ɗan kamasho ne ya fahimtar da ni haka, ina zaune kan benci da littafina bayan sallar asuba ina rubuta Katsina, Katsina, Katsina. Ya leƙo ya ce, “Likita, ai wanda ya fito Maraɗi ba zai ce maka Maraɗi ba, tunda a Katsina ya hau motarmu. Ka tambaye shi inda ya kwana shekaranjiya.” Tun daga ranar tambayar da nake yi ke nan: ina kuka kwana cikin makon da ya wuce? Ku yi ƙirgar kwana uku aƙalla, ɗaya ya dace da washegarin cin wata babbar kasuwar kan iyaka, ku tambayi fasinjojin kowace mota ta biyar, sannan ku ninka da biyar. Kada ku manta da manyan motocin dabbobi da ke sauke kaya a Zango, domin masu rakiyarsu ba sa bi ta tashar fasinja.

Layi na uku, Hajji da Umara. Waɗannan su ne mafi sauƙin ƙirgawa, domin hukumar jin daɗin alhazai ta jiha tana da adadi da ranakun dawowa, amma ku tambayi kamfanonin jirgin yawo su ma, musamman a Umarar azumi. Alhazai ba sa dawowa a baje cikin shekara, dubbai ne suke sauka cikin 'yan makonni, su watsu ƙananan hukumomi 23, kowanne gidansa cike da masu zuwa barka da sauka. Don haka lissafinsu na mako-mako ne, ba matsakaicin shekara ba. Bayan Hajjin 2000 an ga yadda sanƙarau nau'in W135 ya bi alhazai zuwa ƙasashe da dama, wanda shi ya sa Saudiyya ta wajabta rigakafin da ya haɗa nau'i huɗu.

Gargaɗi: akwai lokutan da alƙalumansu ba sa wakiltar komai. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida daga 8 ga Maris aka karkato jirage Kaduna. An dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa daga 23 ga Maris zuwa 5 ga Satumba, 2020. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya tsaya daga harin 28 ga Maris, 2022 har zuwa Disamba. Iyakar Nijar kuma ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Kada ku ɗauki matsakaici daga cikin waɗannan watanni.

A misalinmu, a ce layukan sun haɗu sun ba da mutum 350 a mako.

4. Ku ninka, ku fitar da yiwuwa

Ku ninka matafiya da sakamakon mataki na 2: 350 sau 0.00024 ya ba da 0.084. Wannan shi ne matsakaicin masu cutar da ake sa ran su iso a mako. Domin mayar da shi yiwuwar aƙalla mutum ɗaya ya iso, ku sa shi a gidan A1 na Excel, ku rubuta =1-EXP(-A1) a gidan da ke kusa. Zai ba ku 0.08, wato kashi 8 cikin 100 a mako. Na makonni huɗu, ku fara tara matsakaicin, 0.336, sannan ku sa shi a wannan tsari, ku samu kusan kashi 29 cikin 100.

Gargaɗi: kada ku tara kason kai tsaye, domin idan makonnin suka yi yawa za ku wuce 100, abin da ba shi da ma'ana. Haka kuma ɗan kasuwar da ya yi kwana 3 kawai a garin bai kai mazaunin garin haɗari ba. Idan zamansa bai kai kwana 6 ɗin mataki na 2 ba, ku yi masa lissafi da kwanakin da ya yi, wato rabin haɗari a nan. Alhajin da ya yi wata guda kuwa ana lissafa shi kamar mazauni, wani lokacin ma fiye, saboda cunkoson Mina da ɗakunan kwana.

5. Ku sa girman annobar a ciki

Annoba ba ta tsaya jiran lissafinmu. Ku duba rahoton makonni ukun baya ku ga cikin kwana nawa take ninkawa. Idan a misalinmu tana ninkawa duk mako, matsakaicin zai zama 0.084, 0.168, 0.336, 0.672, jimilla 1.26, kuma yiwuwar ta tashi daga kashi 29 zuwa kusan kashi 72 cikin 100. Fiye da rabin haɗarin yana mako na huɗu, wanda ke nufin akwai ɗan lokacin shiri, amma kaɗan ne. Kada ku ja hasashen ninkawa ya wuce mako huɗu zuwa shida, domin daga nan matakan da ƙasar ta ɗauka da tsoron jama'a sun canza lamarin.

6. Ku rage abin da tantancewa ke kamawa, amma da tsantseni

Na'urar auna zafin jiki tana ganin mai zazzaɓi ne kawai. Idan cikin kwana 6 na iya tafiya kwana ɗaya ne mutum ke da zazzaɓi, to ko da na'urar ba ta kuskure ko sau ɗaya, ɗaya cikin shida za ta kama. Wanda ya sha farasitamol kafin ya hau jirgi ma ya wuce ta. A kan iyakar ƙasa kuwa, inda hanyoyin babur suka fi ƙofar hukuma yawa, ni ba na rage komai. Na sha ganin an rage kashi 80 ko 90 cikin 100 a wannan mataki saboda an sayo na'urori, kuma wannan yaudarar kai ce da ke sa asibitoci su saki jiki.

7. Ku auna yiwuwar ta kama ƙasa

Ba duk mai cutar da ya shigo ke haifar da annoba ba. Ana farawa da lambar R, wato matsakaicin mutanen da mai cuta ɗaya ke shafa wa. Lissafi mafi sauƙi shi ne 1 a ɗebe 1 bisa R, don haka idan R ta kai 2, yiwuwar ɓarkewa daga mutum ɗaya kashi 50 ce. Amma cututtuka irin su SARS, cutar numfashi mai tsanani, da MERS da Ebola ba haka suke tafiya ba: yawancin masu su ba sa shafa wa kowa, 'yan kaɗan ne ke shafa wa tarin jama'a. A Koriya ta Kudu a 2015, matafiyi ɗaya da ya dawo daga Gabas ta Tsakiya ya jawo mutum 186 suka kamu da MERS, 38 suka rasu, kuma yawancin kamuwar a asibitoci ta faru daga hannun marasa lafiya ƙalilan. Ana auna wannan hali da lambar k, wadda ƙanƙantarta ke nuna yaɗawar ta taru a hannun tsiraru. An ƙiyasta ta kusan 0.16 ga SARS.

A Excel, ku sa 0.5 a A1, ku rubuta =(1+(2/0.2)*(1-A1))^(-0.2) a A2, ku ja shi ƙasa layi 30. Biyu ita ce R, 0.2 kuma k. Lambar za ta tsaya kusan 0.8, wato yiwuwar cutar ta mutu da kanta, saura kashi 20 na ɓarkewa. Ku ninka 1.26 da 0.2, ku sa a tsarin mataki na 4, ku samu kusan kashi 22 cikin 100.

Gargaɗi: kada ku ɗauko R ta wata ƙasa ku liƙa mana yadda take. Mara lafiyarmu yakan fara da kemis, ya je ƙaramin asibiti, kafin a tura shi babban asibiti, da 'yan rakiya a kowane zango. Ga cutar da ke da rigakafi kuwa, kamar ƙyanda ko shawara, ku ninka R da kason mutanen da ba su da kariya a ƙaramar hukumar da matafiyin zai sauka, ba matsakaicin jiha ba.

8. Ku fitar da lamba uku, ba ɗaya ba

Kowace lamba da kuka zuba tana da rauni, don haka ku maimaita lissafin sau uku: da mafi sauƙin zato, da na tsakiya, da mafi muni. Sannan ku riƙa canza lamba ɗaya kuna barin saura, ku ga wacce ta fi motsa sakamako. A aikina kusan kullum biyu ne: ninkin waɗanda ba a gano ba, da matafiyan hanyar mota. Wadda ta fi motsawa ita ta cancanci ƙarin kwana a tasha ko kiran waya zuwa abokin aiki a can. Wanda ya iya manhajar R zai iya sa kwamfuta ta zaɓi lambobin tsakanin iyakokinsu sau dubu goma ta fitar da tazarar. Akwai kuma GLEAMviz, manhajar kyauta da ke kwaikwayon bazuwar cuta ta hanyar jiragen sama a duniya, mai kyau wajen gwada layin farko, sai dai motocin Jibiya da Illela ba su bayyana a cikinta yadda muke ganinsu.

9. Ku juya lissafin, sannan ku miƙa shi

Mu ma muna fitar da cuta. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, ƙwayar ta bi matafiya har ta kai Yaman da Indonesiya a 2005. Idan Lassa ko mashaƙo ko sanƙarau suna gari daf da tashin alhazai, ku bi matakan nan da Kaduna a matsayin tushe, ku kai wa hukumar alhazai sakamakon kafin a fara tantancewa a sansanin Mando.

Rahoton kada ya wuce shafi ɗaya. Ku rubuta tambayar, da lambobin uku, da ranar da aka ɗauki alƙaluma, da duk abin da zato ne, da hanyar da ta fi ɗauko haɗari, domin ita ce za ta nuna wa kwamishina ko a Rigasa za a sa ma'aikata ko a Kawo, da asibitocin da za a fara faɗakarwa. Ku miƙa shi ga jami'in annoba na jiha, ba ga shafukan sada zumunta ba, kuma kada sunan ƙasa ko ƙabila ya fito ta hanyar da za ta sa a tsangwami baƙi, domin matafiyin da ya ji tsoro yakan ɓoye inda ya kwana. Ku sabunta jadawalin duk ranar da sabon rahoton mako ya fito. Idan kuwa aka samu wanda ake zargi yana da cutar a cikin jiha, ku ajiye lissafin ku sanar nan take ta SORMAS, manhajar kai rahoton cututtuka, da waya zuwa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, domin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005 sun ba ƙasa awa 24 ne kawai bayan tantance lamarin ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya.